Na sayi filtar kanista ta hannu, in bar kayan cikinta ko in zubar?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masu kiwon kifin ado a cikinmu. Wani bawan Allah a Festac zai bar gari yana sayar da kayan gidansa, sai na karɓi filtar kanista a hannunsa, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki, Eheim 2217. Ya ce ta kai wata biyar a sito ba a kunna ta ba. Da na buɗe murfin na tarar da zobban yumɓu a ƙasa, sai shuɗin soso, sai wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu girman gurjiya, a sama kuma jakar raga cike da gawayi. Duk sun bushe ƙamas, amma akwai wari. Tankina ƙafa huɗu ne, santimita 120 da 45 da 45, golfish biyar ne a ciki. Yanzu 'yar ƙaramar filta ce ta cikin ruwa nake lallaɓawa da ita, kuma ta gaza, bayan kwana uku da canja ruwa ya sake yin hazo. Tambayata biyu ce. In wanke kayan cikin nan in mayar, ko in zubar? In kuma zubarwa zan yi, me zan zuba a madadinsu wanda ake samu a nan Legas ba tare da an yanke mini aljihu ba?

BabanAmira:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Tun kafin a je maganar kayan ciki, ɗauki kan injin ka karanta rubutun da ke jikinsa. In ka ga 230V 50Hz, to ta mu ce. In kuwa 120V 60Hz ka gani, ta Amurka ce, kada ka kuskura ka soka ta a bango kai tsaye, nan take za ta ƙone. Kayan kwantena da yawa haka suke zuwa, mai sayarwa ma bai sani ba.

Sani_Agege:
Na duba Alhaji, 230V ce, wat 20. Filogin mai baki biyu ne irin na Turai.

BabanAmira:
To madalla. Yanke shi a sa maka mai baki uku mai fis, adaftar nan ta kan yi sako-sako, kuma kusa da ruwa ne.

Maman_Hanif:
Ni shawarata ka kwashe komai ka zuba a bola. Ba ka san abin da ya kashe kifin mutumin ba, in ma ya mutu, ba ka san magungunan da ya zuba ba. Akwai maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe, yana shiga cikin duwatsun nan ya zauna, daga baya ya riƙa fitowa a hankali. Wanda ya sa jatan lande ko dodon koɗi a tankin sai ya wayi gari sun mutu bai san dalili ba. Filtar ce ka saya, ba dattin wani ba.

Dan_Illela_Mile12:
Ni dai abin ga na ba ni mamaki. Kihin da ba a ci, shi anka saya ma inji da wuta dare da rana? Mu nan kasuwa ko fanka ba mu samu ba. Allah shi ba ku haƙuri da kuɗɗinku.

Sani_Agege:
@Dan_Illela_Mile12 kai ma ai tattabarun da kake kiwo a saman shago ba ka taɓa yanka ko ɗaya ba, mun sani.

Dan_Illela_Mile12:
Tantabara ko ba ta shan mita.

Injiniya_Ikeja:
Malam Sani, ka yi sa'a da irin da ka samu. Wannan samfurin ba shi da tarkace da yawa, bokiti ne kawai da inji a kansa, shi ya sa yake daɗewa, kuma har yau kamfanin yana yin kayan gyaransa. Amma kafin ka kashe ko sisi a kan kayan tacewa, tabbatar da lafiyar filtar tukuna.

Fara da zoben roba da ke tsakanin kan injin da bokitin. Cire shi ka ɗan ja shi a gaban haske. In ka ga tsage-tsage, ko ya baje ya daina zama kewayayye, ko ya yi tauri, ya gama aiki. Daga nan ka kifa kan injin, ka murɗe 'yar murfin da ke tsakiya, ka zaro farfela. Tana zaune ne a kan wani siririn farin sanda na tangaran, ka bi shi a hankali domin faɗuwa ɗaya yake ya karye. Duba fukafukan farfelar ko akwai wanda ya ɓalle, duba maganaɗisun ko ya kumbura ko yashi ya kankare shi, sannan ka tabbata 'yan robobin nan biyu baƙaƙe da ke riƙe sandan sama da ƙasa suna nan. Su ne suka fi ɓacewa a hannun masu wanki, kuma in babu su injin zai yi ta ƙara kamar ana niƙa. Saura maƙallan ƙarfe da ke danne murfi, da 'yar gwiwar da ruwa ke shiga ta ƙasan bokitin, wurin yana yawan tsagewa in an ɗauki filtar ta nan.

In duk wannan lafiya, cika ta da ruwa ba tare da komai a ciki ba, ka sa bakin tiyo biyun a babban bokiti a kan kujera, ita kuma a ƙasa a kan busasshen kwali. Bar ta ta yi aiki kwana ɗaya ko biyu a banɗaki ko baranda. Kwalin zai nuna maka ɗigon da ido ba zai gani ba.

Auwal_Ladipo:
In robar ta mutu kada ka tsaya jiran a kawo maka daga waje. Kawo tsohuwar nan Ladipo wajen masu sayar da sil na injuna, za a auna faɗi da kauri a nemo daidai ita. Kaurin ne abin lura, in ta fi da rabin milimita ma murfin ba zai zauna ba. Sai ka shafa mata Vaseline kaɗan ta shige sumul.

Injiniya_Ikeja:
Auwal, ni ban so Vaseline ga roba. Daga man fetur ake yin sa, kuma akwai robar da yake kumbura ta. Man silikon ya fi, irin na masu aikin famfo.

Maman_Hanif:
Injiniya, a takardar da ta zo da tawa, su da kansu suka rubuta a shafa Vaseline. Shekaru ina yi ban ga komai ba.

Injiniya_Ikeja:
Hajiya, wannan robar kamfanin ce, sun san abin da suka yi ta da shi. Wadda Auwal zai nemo masa a kasuwa fa, wa ya san irinta? Silikon ya dace da kusan duk robar da zai samu, shi ya sa na ce shi.

Nura_Obalende:
Ku dawo kan tambayar mutum mana. Ni ban yarda da Maman Hanif a kan zubar da komai ba. Soso da gawayi kam a zubar, babu gardama. Amma dunƙule-dunƙulen nan da ya ce masu girman gurjiya, in dai abin da nake zato ne, Substrat Pro ne, gilashi ne da aka gasa ya zama mai huda-huda. Je ka tambayi kuɗin lita ɗaya yau da canjin dala ka ji. Wataƙila ma abin da ke cikin ya kai rabin kuɗin da ya biya. Tangaran da gilashi ba sa ruɓewa. A wanke su, a tafasa su a tsohuwar tukunya minti ashirin, a shanya. Wace cuta ce za ta rayu bayan wata biyar a bushe sannan ta sha tafasa?

Maman_Hanif:
Tafasa tana kashe cuta, ba ta fitar da magani. Wannan shi ne abin da na faɗa tun farko.

Nura_Obalende:
Golfish zai sa Hajiya, ba jatan lande ba. Kuma ai yana da lambar mutumin, ya buga ya tambaye shi ko ya taɓa zuba magani.

Maman_Hanif:
Mai sayar da kaya zai ce maka eh?

Likitan_Dabbobi_OkoOba:
Duk ku biyun kuna da gaskiya a wani gefe. Cutar farin ɗigo da aka fi sani ba ta jure bushewa, in babu kifi ma kwanaki kaɗan take ta mutu, to wata biyar ya wuce da ita. Wadda ake jin tsoro ita ce dangin tarin fuka ta kifi, ƙwayarta tana da taurin kai, kuma tana iya kama fatar mutum in akwai ciwo a hannu. Saboda haka sa safar hannu in za ka wanke.

Amma akwai wani abu da nake gani Malam Sani yana iya ɗauka ba daidai ba. Kada ka zaci in ka bar tsofaffin kayan za ka gaji ƙwayoyin bakteriya masu amfani na tsohon mai ita. Waɗannan sai da danshi da iska suke rayuwa, kada ka dogara da abin da ya bushe wata biyar. Aikinsu shi ne: kashin kifi da abin da yake fitarwa ta kunnuwansa, wato wurin da yake numfashi, amoniya ne, guba ne. Wasu ƙwayoyi su juya shi ya koma naitirait, shi ma guba. Wasu kuma su juya wannan ya koma naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har ka rage shi da canjin ruwa. Kafin su kafu a sabuwar filta ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida, zafinmu na Legas yana ɗan gaggauta abin. Ƙwayoyin da kake da su a raye yanzu suna cikin soson 'yar ƙaramar filtar nan da ka raina. Kada ka cire ta ranar da ka ɗaura babbar. Bar su su yi aiki tare wata guda, ko ka matse soson nata a bakin tiyon da ke zuƙar ruwa domin ya shiga ya zama iri.

Sani_Agege:
Likita na gode ƙwarai. To shi bokitin da tiyo da me zan wanke? Uwargida ta kawo mini Omo da sabulun wanke-wanke.

Injiniya_Ikeja:
Mayar mata da kayanta. Babu sabulu ko na sisi, ragowarsa yana lalata kunnuwan kifi. Ruwan ɗumi da tsohon buroshi. In akwai farin gishiri-gishiri da ya kama jiki, jiƙa da farin binega. Bayan ka ɗauraye sosai, sai bilic marar ƙamshi, Jik ko Hypo, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni ashirin na ruwa, minti goma sha biyar. Ka kiyaye, kada binega da bilic su haɗu, hayaƙin kulorin suke fitarwa, kuma a rufaffen banɗaki yana iya kayar da mutum. Ɗauraye, jiƙa a ruwan da ka zuba maganin cire kulorin, shanya har sai hancinka bai jin komai. Kada kuma ka zuba tafasasshen ruwa a bokitin, bakinsa zai karkace, daga nan ba robar da za ta hana shi yoyo.

Hassan_IdiAraba:
Tiyo kam saya sabo. Tsohon ya riga ya yi tauri, kuma cikinsa ba ya wankuwa. Na shigar ruwa 16/22 ne, na fitar ruwa 12/16, wato faɗin ciki da na waje a milimita. Masu kayan famfo a Orile suna da mai haske, sai dai yana saurin yin kore in rana na taɓa shi, kuma mai laushin yana lanƙwashewa ya toshe ruwa. Zaɓi mai kauri.

MalamTarwada_Ikorodu:
Ku 'yan gilashi kuna da son wahala. Mu da muke ƙyanƙyasar tarwaɗa, hodar nan mai launin shunayya, fotasiyam famanganet, ita muke wanke kaya da ita, mu ɗauraye mu shanya, shi ke nan. Maganar kayan tacewa kuwa, ƙwayar bakteriya ba ta karanta sunan kamfani. Wurin maƙalewa take so da ruwa mai iska yana bi ta kanta. Je kasuwar Agege ka sayo soson roba na wanke tukunya, cukurkuɗaɗɗen nan mai launi-launi, dozin biyu ko uku, ka cusa. Ko soson wanka na raga, ka yayyanka ka dunƙule. Kada dai ka ɗauko na ƙarfe ko wanda aka riga aka sa wa sabulu. Jiƙa shi kwana ɗaya ka gani ko rini yana zuba.

Baba_Mai_Goro:
Yarana, in wurin maƙalewa ne ake nema, ga tsingaro. A fasa sabuwar tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata komai ba, a daddaka daidai girman ɗan yatsa, a wanke. Tana shan ruwa ta ko'ina. Da shi na yi wa jikokina a tankinsu, kifin suna nan lafiya lau.

Nura_Obalende:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, tsingaro yana aiki, ni ma na ga wanda ya yi. Abin tsoro kawai garinsa. Ko ɗan ƙanƙanin tsakuwa ya haura ya shiga ramin farfela, zai ci maganaɗisun. Haka dutsen aman wuta da wasu ke sawa. Duk wanda zai yi amfani da su ya wanke har ruwan ya fita garau, ya kuma danne da farin soso mai laushi a sama.

Sani_Agege:
To ga wata tambayar. Wajen jerawa, me ke ƙasa me ke sama? Na manta ban ɗauki hoto ba kafin in juye.

Nura_Obalende:
A irin taka ruwa ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama. Raga mai ƙafa a gindi. Sai zobban yumɓu, su ne ke watsa ruwa ko'ina su tare manyan datti. Sai shuɗin soso mai manyan huda. Sai gidan ƙwayoyi, ko Substrat ne ko soson Malam Tarwaɗa ko tsingaron Baba, shi ne zai ci fiye da rabin wurin. Sai farin soso mai laushi. Sai ragar sama. Duka wurin wajen lita shida ne.

Injiniya_Ikeja:
Haka kamfanin ya tsara, amma ni farin nake sawa kafin gidan ƙwayoyin. Dalili, duk laka a tare ta kafin ta kai can ta toshe hudojin.

Nura_Obalende:
To duk sati biyu da farin ya toshe sai ka juye bokitin kaf ka ciro shi? Wannan ba mai kwanduna ba ce kamar filtar kamfanin SunSun da za ka ɗaga ɗaya bayan ɗaya. A sama, murfi kawai za ka buɗe.

Injiniya_Ikeja:
Ina sa soso a bakin tiyon shiga a cikin tanki, shi nake matsewa duk Asabar. Filtar sai ta yi wata uku ban taɓa ta ba.

Maman_Hanif:
Wannan dabarar kam na yarda da ita, musamman ga golfish, don ba su da aiki sai ci da kashi. Farin kuma ba sai ka sayi na shagon kifi ba. Faibar cusa filo da masu katifa ke sayarwa ita ce. Ta roba nake nufi, ba audugar gona ba, ita ruɓewa take. Soson katifa kuma kada ka sa, hudarsa ta yi ƙanƙanta, cikin kwana kaɗan ya toshe.

Sani_Agege:
Gawayin fa? Akwai mai gawayi a bakin layinmu.

Likitan_Dabbobi_OkoOba:
Ba iri ɗaya ba ne. Na filta an sake gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya zama duk huda, shi ya sa yake zuƙe launi da wari da magani. Na girki bai kai nan ba, ga toka. Shi ma na gaskiyar wajen wata guda yake ya cika, daga nan wuri kawai yake ci. Ba dole ba ne. Ajiye shi sai ka gama yi wa kifi magani kana so ka janye ragowar. Kuma lokacin da kake maganin a cire shi, in ba haka ba shi zai shanye.

MalamTarwada_Ikorodu:
Likita, mu dai gawayin girki muna zubawa a matatarmu kuma ruwa yana fita tas.

Likitan_Dabbobi_OkoOba:
Yana yi muku aikin tsingaro ne Malam, ƙwayoyi suna zama a jikinsa. Wannan daban da zuƙe magani.

Hajiya_Ajah:
Duk kun yi ta magana babu wanda ya taɓo abin da ya fi kashe kifi a garin nan, wato ɗauke wuta. Kanista rufaffiya ce. Da zarar inji ya tsaya, ruwan ciki ba ya samun iska, ƙwayoyin su shanye 'yar wadda ta rage, daga nan abin ciki ya fara ruɓa. Maƙwabciyata ta yi tafiya ta kwana biyu, aka ɗauke wuta tun ranar da ta fita. Da aka dawo da wutar, filtar ta tashi da kanta ta turo baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin tankin. Mai gadi ne ya kira ni, na shiga na tarar da kifayenta na ado huɗu, irin waɗanda ake kira koi, sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, biyu sun riga sun kife. Tun daga nan ni in wuta ta wuce awa huɗu, zare filogi nake, in rufe famfunan tiyo, in buɗe murfi. In za ta daɗe, in juye kayan a baho da ruwan tanki in sa 'yar na'urar iska mai batir. Kafin in mayar kuma sai na zubar da ruwan da ya kwana a ciki.

Hassan_IdiAraba:
Awa huɗu ya yi kaɗan Hajiya. Tawa tana yin awa takwas, goma, ta tashi lafiya.

Hajiya_Ajah:
Ya danganta da yawan dattin da ke ciki ƙanena. Wadda aka wanke makon jiya ba ɗaya take da wadda ta yi wata shida ba a buɗe ba. Ni ba zan gwada da kifina ba.

BabanAmira:
Wat 20 ce fa kawai. A yini ba ta kai rabin yunit ba, a wata kamar yunit goma sha huɗu da ɗoriya. In kana da inbata a gida, ja mata waya ta musamman. Batir ɗaya na 100Ah, ko rabinsa ka ci, zai kai ta kusan yini guda in ita kaɗai ce. Sai dai ƙananan UPS na kwamfuta da inbata masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, injin yakan yi ta gunji ko ya ƙi juyawa. Nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Kuma duk sanda aka dawo da wuta leƙa ka ga ruwa yana fita, tsohuwar farfela takan cije sai an ɗan girgiza ta.

Dan_Illela_Mile12:
Yanzu kuma har da inbata. Sani, in kihin ga ya yi aure ka gayyace mu.

Auwal_Ladipo:
Wani abu kuma, in bene kake. Filtar tana ƙasa da tanki, to in ta fara yoyo cikin dare ruwa ba zai tsaya ba sai ya sauka daidai bakin bututun shiga. Tankinka ya haura lita 240. Lissafa wannan a silin ɗin na ƙasa da kai, ka lissafa fuskar mai gida. Huda 'yar ƙaramar kafa a jikin bututun shiga, yatsa biyu ƙasa da saman ruwa. In ruwa ya sauka nan, iska ta shiga, zuƙar ta tsaya. Ita kuma filtar zaunar da ita cikin baho.

Hassan_IdiAraba:
Amma ya riƙa cika tankin a kan lokaci, in ruwa ya ƙafe ya kai kafar, iska za ta riƙa shiga injin.

Ummi_Lekki:
Sannunku. Ni tambayata ga Malam Sani, wane ruwa kake zubawa? Don zaɓen kayan ciki ya danganta da wannan. Mu nan ruwan bohol ɗinmu ja yake fitowa saboda ƙarfe, farin soso kwana uku ya koma kalar bulo. Sai na tara a durom ya kwana biyu ya kwanta kafin in ɗiba. Kuma bohol da yawa a Legas ruwansu mai tsami ne. In pH, wato awon tsamin ruwa, ya yi ƙasa da 6, ƙwayoyin da Likita ya yi bayani aikinsu ja da baya yake, ko ka cika filtar da kaya mafi tsada.

MalamTarwada_Ikorodu:
Gaskiya ne wannan. Maganinsa oyista shel ɗin da ake haɗa wa kajin ƙwai a abinci. Masu niƙa abincin kaji a Oko-Oba suna da shi, kusa da kai ne ma. Wanke cikin hannu ɗaya ka ɗaure a raga ka jefa ciki, yana narkewa a hankali yana ɗaga ruwan.

Likitan_Dabbobi_OkoOba:
Amma a auna kafin a zuba, kuma kaɗan-kaɗan. Golfish suna son 7 zuwa sama kaɗan. Ɗaga pH farat ɗaya yana wahalar da kifi, kuma amoniya ya fi dafi a ruwan da pH ɗinsa ke sama. In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya Malam Sani, sayi kayan awon ruwa na ɗigawa. Amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 40, shi ake nema.

Sani_Agege:
Ga inda aka kwana. Na yi gwajin Injiniya, farfela lafiya, ƙara kaɗan ce da farko sai ta yi shiru bayan iska ta fita. Amma da safe kwalin ya jiƙe ta gefen murfi, Auwal zan shigo gobe da robar. Soso da gawayi na zubar. Zobba da 'yan dunƙulen na tafasa suna kan rufi suna shan rana, ban yanke hukunci a kansu ba. Na buga wa mutumin ya ce gishiri kawai ya taɓa zubawa. Soson tukunya kuma na sayo dozin biyu. Wani abokina ya kawo abin awo, ruwan bohol ɗin gidanmu ya nuna 6, iyakar abin da katin ke nunawa ke nan.

Maman_Hanif:
Gishiri kawai. To, Allah ya sa.

Nura_Obalende:
In ka fasa amfani da su ina so, zan aiko yaro.

Ummi_Lekki:
Daga famfo ka ɗiba ka auna nan take, ko ya kwana? Ruwan bohol yana fitowa da iskar da ke sa shi tsami, in ya sha iska a buɗaɗɗen bokiti awon yakan hau. Ɗebi bokiti ɗaya ka bar shi zuwa gobe ka sake aunawa, ka auna na cikin tankin ma, kafin ka je Oko-Oba.

Sani_Agege:
Nan take na auna. Bari in tara yanzu, gobe in na dawo daga Ladipo zan turo hoton duka biyun.